Abin da Mai Hoto Ya Ƙi Gogewa

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, Kaka na zaune a bakin ƙofar shagon hoto tana warware wani tsohon zare tana naɗe shi a tsinke. Shagon shi ne ɗakin gaba na gidan, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Ɗanta ne ya buɗe shi, wanda duk unguwa ta sani da Mai Hoto, kuma tun da aka kai shi makwancinsa jikarta ce ke riƙe da wurin. Sunan Kaka aka sa wa yarinyar, shi ya sa take kiran ta Takwara, sauran mutane ma suka bi.

A yammacin nan ne aka kunna sabuwar kwamfuta. Tsohuwar, wadda Mai Hoto ya yi shekaru yana aiki da ita, wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta ƙurmus. Sabuwar siririya ce kamar faranti, kuma Kaka ba ta yarda da ita ba tun da ta ɗaga ta ta ji ba nauyi. A ganinta abin da za a ci abinci da shi ya kamata ya yi nauyi a hannu. Abin da ya tsira daga tsohuwar shi ne diskin ajiya, wani baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, mai waya a gindi da ƴar fitila shuɗiya a gefe. Duk aikin Mai Hoto na cikinsa, daga hoton farko da ya ɗauka har na ranar da ya fita bai dawo ba.

Kaka ba ruwanta da hotunan mutane. Guda ɗaya take so. Ɗanta ya ɗauki fuskar kowa a unguwar, amma shi kullum yana bayan kyamara. Wayarsa ta murƙushe tare da shi a ƙarƙashin babbar mota. Hotunan aurensa ruwan da ya taɓa shiga ɗaki ya manne su sun zama dunƙule. Na katin shaidarsa ya koɗe ya koma tabo. Sai guda ɗayan nan, da wata yamma ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya zaunar da Kaka da ƙyar, ya rugo ya durƙusa a gefenta kafin fitila ta haska. Da ya nuna mata ta ga ɗankwalinta a karkace, bakinta a buɗe tana masa faɗa, sai ta ce in ya kuskura ya wanke wannan abin ba ta yafe ba. Ya yi dariya ya ce to zai ajiye mata.

Yanzu fuskarsa ta fara gudu daga gare ta. Tana tuna wushiryarsa, tana tuna tabon haɓarsa, tana tuna kunnen nan nasa da ya ɗan buɗe, amma in ta rufe ido ta ce su haɗu sai su ƙi. Ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da ta ce da Takwara kawai shi ne in ta gama haɗa kayan ta wanke mata hoton nan na ɗankwali, tana son ta ga irin munin da ta yi.

Takwara ta jona diskin. Bakin wayarsa bai shiga ramin sabuwar kwamfutar ba sai da ta sa wani ɗan mahaɗi a tsakani. Fitilar ta kama, ta yi ƙyafta-ƙyafta, alamar diskin ta fito a fuskar kwamfuta. Ta buɗe manhajar gyaran hoto ta nuna mata hanya, sai wani rubutu ya tsaya a tsakiya ya ƙi motsi.

"Me ta ce?" in ji Kaka.

"Wai ba ta da izinin shiga diskin."

"To ba ta mana. Kayan ubanki ne, wa za ta jira?"

Yarinyar ta yi dariya ta ce haka sababbin suke, komai sai an roƙe su. Ta shiga wurin saiti, ta nemo sunan manhajar, ta danna mata alamar izini, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Da ta koma, alamar ta goge kamar ba a taɓa sa ta ba. Ta sake. Ta goge. Tana cikin sakewa aka kira sallar magariba daga nesa, kuma kafin muryar ta gama sauka wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, dam, ya gangaro a hankali ya faɗi a gaban ƙafar Kaka.

Dutse ne. Kaka ta zare takalmi ta fita titi don ta kama ɗan wanda ya yi. Ba kowa, sai wata akuya a gindin fitilar hanya, ita ma ta kafe tana kallon rufin gidan. Da Kaka ta dawo ta ɗauki dutsen ta ji shi da ɗumi, irin ɗumin abin da aka daɗe da riƙewa a hannu. Ta juya shi, ta ga yana da gefe a shimfiɗe, sai ta cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Washegari aka kira mai gyaran kwamfuta, wani dogo mai surutu da ake ce wa Injiniya. Ya shigo yana cewa ai wannan ƙaramin aiki ne, kafin shayinsa ya huce ya gama. Ya canza waya. Ya canza rami. Ya cire manhajar gaba ɗaya ya sake sa ta. Ya sabunta kwamfutar, suka zauna suna kallon wani layi yana rarrafe kamar hawainiya. Ya yi wa Kaka bayani cewa diskin a tsohon tsari aka tsara shi, sabuwar kwamfutar tana ganin sa amma manhajar ba ta iya sa hannu a ciki, don haka zai kwafe komai ya zuba a cikin kwamfutar kanta. Kaka ta ce ba bayani ta kira shi ya yi ba. Ya danna kwafewa, layin ya ɗan motsa ya tsaya, fitilar diskin ta daina ƙyaftawa ta zura musu ido. Shayin ya huce, aka sake ɗumama shi, ya sake hucewa. Daga ƙarshe ya sa diskin a jaka ya ce zai gwada da manyan injinan shagonsa.

Da sassafe ya dawo da shi, kafin a share ƙofar gida. Bai shigo ba. Ya miƙo diskin daga waje, naɗe a tsumma, surutun nan duk ya ƙare. Da Kaka ta matsa masa sai ya ce matarsa ta hana shi shiga ɗaki da jakar, wai ta ji kamar mace tana lallashin yara a ciki. Shi bai ji komai ba, in ji shi, amma idonsa bai yi kama da na wanda ya yi barci ba. Ya ce abu ɗaya ya rage da bai gwada ba, fomatin, wato a share diskin tas a sake tsara shi, nan take manhajar za ta shige shi.

"Hotunan fa?"

"Sun tafi ke nan, Kaka."

"Wato in ƙofa ta ƙi buɗuwa sai a cinna wa ɗakin wuta. Wannan shi ne karatun naka? Jeka, Allah ya ba ka lafiya."

Surukar Kaka, uwar Takwara, mace ce mai sanyin magana da ke ɗinki a ɗakinta. Ita ce ta fara cewa a bar abin nan. Ta durƙusa ta ce Mama a sa shi a ƙasan akwati, a rufe, ai sabon aiki yana tafiya ko babu shi. Kaka ta dube ta sama da ƙasa ta ce abin da ɗanta ya yi rabin rayuwarsa yana tarawa ba za a binne shi don wani dogo ya tsorata ba. Surukar ta koma kan ɗinkinta, don ba a ja da Kaka a gidan. Takwara kuwa ba ta bukatar a tura ta. A cikin diskin akwai hotunanta tun tana rarrafe, akwai wani ɗan bidiyo da ake jin muryar babanta yana ce mata ta ɗaga haɓa. Da rana masu son fasfo ba sa barin ta ta numfasa, don haka sai yamma, in ta ja ƙofar titi, take zama a gaban diskin tana bin shawarwarin da ta tsinto a waya ɗaya bayan ɗaya.

Duwatsun suka ci gaba. Ba sa zuwa sai ta jona diskin, kuma ba sa wuce shigar duhu. Da farko ɗaya-ɗaya, daga baya kamar ana zazzage tsakuwa. Maƙwabta suka hau katanga da tocila ba su ga kowa ba, suka sauko suna kallon ƙasa, daga nan suka rage aiko yara gidan. Fitilun ɗaukar hoto, masu laima a kai, suka fara haskawa da kansu a ɗakin da ba kowa. Labulen bango, wanda aka zana wa lambu da matakala don masu hoto su tsaya a gabansa, wata yamma Kaka ta gan shi yana kumbura daga wannan gefe zuwa wancan, a jere, kamar mutane na wucewa ta bayansa, manya a gaba, ƙanana a baya. Bayan labulen bango ne, tazarar da ke tsakani ba ta isa kyanwa ba. Kaka ta ɗauki tsintsiya ta ɗaga shi. Bango ne kawai da yanar gizo. Tana sakewa ta ji raɗa, ƙasa-ƙasa, irin ta baƙin da ba sa son a san sun iso.

Ta karanta abin da ta iya na addu'a, ta tofa a kusurwoyi, ta ce da kanta ba a taɓa korar ta daga ɗakin da ta sa aka gina ba. Da yarinyar ta fito sai ta tambaye ta ko ya buɗe. Kullum haka take tambaya, kullum amsar ɗaya ce.

Takwara ta fara ramewa. Abinci sai ta juya shi ta ture. Ita da ke tsokanar Kaka tana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta koma ba ta magana sai an yi mata. Ta juya kyamarar ta fuskanci bango, in mai fasfo ya zo sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kafin ta ɗauka. Uwarta ta kai ta asibiti aka auna jini aka ce ba komai, a ba ta hutu. Ba ta huta ba. Da rana ta karkata sai ƙafafunta su kai ta gaban teburin kamar an ja ta da igiya.

Yammacin da abin ya fito fili ba a jefo dutse ko ɗaya ba. Shirun ne ya tayar da Kaka daga tabarma. Ta leƙa shagon ta tarar ba a kunna fitila ba, hasken kwamfuta kaɗai ke kan fuskar yarinyar. Tana zaune a miƙe, hannunta ɗaya ya damƙe wayar diskin har jijiyoyi sun fito. Kaka ta kira ta, ba ta juyo ba. Ta sake kira da faɗa. Sai kan ya juyo a hankali, ya wuce inda wuya ya saba tsayawa, kuma muryar da ta fito ba ta yarinya ba ce. Murya ce ta mace da ta girmi Kaka nesa ba kusa ba, a shaƙe, a gajiye.

"Ki ce mata ta daina ƙwanƙwasa mana."

Daga nan jikin ya sulale ƙasa.

Ba ta dawo hayyacinta ba. In ta farka sai ta yi ta fizge-fizge tana neman hanyar shago, mata biyu ba sa iya riƙe ta, in ta gaji ta kwanta kamar tsumma. Ruwa ma sai an ɗiga mata. Surukar ba ta nemi izinin kowa ba wannan karon, ta yafa mayafi ta tafi ta zo da Malam.

Malam tsoho ne gajere mai tabarau, ya yi shekaru yana koyarwa kafin mutane su gane yana da sanin ruƙiyya. Bai zo da komai ba sai carbi da ƴar gorar ruwa. Ya saurari labarin daga farko bai katse ba, ya tambayi lokacin da abin ke tashi, sannan ya ce a kawo yarinyar cikin shagon, a jona diskin, a kunna kwamfutar, a bar komai yadda yake. Aka shimfiɗa ta a gaban labulen lambu, kanta a cinyar uwarta. Kaka ta ƙi zama. Ta tsaya a jikin ƙofa, hannuwanta a bayanta.

Rana na faɗuwa ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Ya daɗe yana yi ba abin da ya motsa sai fitilar diskin. Can yatsun ƙafar yarinyar suka fara karkarwa, karkarwar ta hau har ƙirji, bayanta ya bar ƙasa, fitilun laima suka haska gaba ɗaya suka mutu. Malam bai ɗaga kai ba. Da ya kai wata aya sai bakin ya buɗe, muryar nan ta ce ya isa, yana ƙona ta, ya tambayi abin da zai tambaya.

Ya tambaye ta ko ita wace ce, ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Ya tambaye ta me ya kawo ta gidan mutane, sai ta yi wata ƴar dariya marar daɗi ta ce gidan ne ya zo ya same su. Nan hanyarsu ce tun kafin a dasa tubali, in ji ta. Ita da ƴaƴanta mata suna bi da magariba, ba su taɓa ɗaukar ko cokali ba, da aka yi bango ma ba su yi ƙorafi ba, suka ci gaba da ratsawa. Sai Mai Hoto ya kafa fitilunsa. Masu aiki ba sa samun zuwa hoto sai sun tashi, don haka yawancin aikinsa da magariba yake yi, kuma hasken nan yana kama abin da ido ba ya kamawa. Ya kama su ba sau ɗaya ba, a bayan amare, a bayan ƴan makaranta, fuskokinsu a buɗe.

"Ya gan ku?" in ji Malam.

"Bai ƙura ido ba, yana da kunya. In ya hango inuwarmu sai ya kawar da kai ya shafe mu daga wanda zai ba mai shi. Na je masa a mafarki, ya rantse ya goge. Ashe na asalin yana nan, ya tura su wani lungu da tsohon injin ba ya nunawa. Hannunsa ba ya iya zubar da abu. Tambayi wadda ta haife shi, ga ta can tsaye, mai wanke leda tana shanyawa."

Kaka ba ta motsa ba. Gaskiya ne ita ta koya masa. A gidanta ba a yar da gwangwani, ba a yar da igiya, kuma ta sha dukan hannunsa yana yaro a kan ya jefar da abin da bai gama mutuwa ba.

Muryar ta ce da tsohon injin sun haƙura, tun da lungun a rufe yake. Wannan sabon kuwa ba shi da sirri. Duk abin da aka ba shi sai ya baje shi a fili, ƙanana-ƙanana a jere kamar kayan talla, na lungu da na sarari. Ranar da manhajar ta shiga diskin, ranar duk wanda ke ɗakin zai ga ƴaƴanta. Shi ya sa ta tsaya a ƙofar, ita ke goge alamar izinin duk lokacin da aka sa. Ta yi jifa don su gane, ba su gane ba. Yarinyar nan kuwa yatsunta sun san hanya, saura kaɗan ta samo wata ƙofar ta baya, shi ya sa ta shige ta ta riƙe hannun daga ciki.

Malam ya yi mata nasiha mai zafi, ya ce zalunci ne ta shiga jikin wadda ba ta san komai ba, ta ji tsoron Wanda ya halicce su duka. Ta ce ta sani, ita ma ba daɗi take ji ba a cikin wannan ƙunci. A share diskin a gabanta, ta fita, ba za ta dawo ba.

Nan Kaka ta yi magana, ba tare da ta bar jikin ƙofar ba. Ta fara tambaya ko su suka kashe mata ɗa. Muryar ta ce a'a, babbar mota ce, su ma sun ji ba daɗi. Kaka ta gyaɗa kai. Sannan ta ce ta ji, a share komai, na amare da na ƴan makaranta, ba ta damu ba. Guda ɗaya za a cire mata, wanda take zaune ɗanta na durƙushe a gefenta.

"Wannan ne ba zai fita ba. Autata na tsaye a bayan kafaɗarki, tana dariyar faɗan da kike masa."

"A yanke ta a bar min nawa."

"Haka ɗanki ya yi ta yi. Kafin a yanke sai an gani."

"To ni kaɗai zan gani. Kowa ya fita. Idona ma rabinsa ya mutu, ba zan kalli taki ba, nawa zan kalla. Ƙyaftawa ɗaya."

Idanun yarinyar, waɗanda ba nata ba, suka tsaya a kan Kaka, kuma babu mugunta a cikinsu.

"A wurinmu wadda ɗan Adam ya ga fuskarta ba ta sake kwana a gidan uwarta. Ke naki ya riga ya tafi. Tawa tana nan."

Malam ya ce a binne diskin mana, ko a jefa shi rijiya. Ta ce abin da aka binne ana tone shi, kuma ta ga yadda gidan nan yake da ajiya. Ya koma karatu da ƙarfi, jikin ya yi ta murɗewa, wani siririn jini ya fito daga hancin yarinyar, uwar ta fashe da kuka tana cewa Malam a tsaya. Ya tsaya. Ya taso ya zo kusa da Kaka ya yi ƙasa da murya. Ya ce zai iya ci gaba har ta ƙone ko ta gudu, amma a jikin yarinyar ake yaƙin, kuma jikin ya kusa ƙarewa. Ya ce ko ta gudu yau, muddin abin na nan wasu za su zo. Bai ce mata ga abin da za ta yi ba.

Kaka ta dubi jikarta, wuyan hannunta ya koma kamar sanda. Ta dubi baƙin akwatin a kan tebur. Ba ta daɗe ba.

A matan biyu surukar ce ta iya karatu, ita ta tashi ta nemo wurin fomatin tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta kai kan maɓallin sai hannunta ya ƙi. Ta ce Mama ba zan iya ba, duk abin da ya bari ke nan. Kaka ta ture ta gefe ta ce ta nuna mata wurin kawai. Ta ɗora yatsa, yatsan da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ta danna. Wani rubutu ya fito, surukar ta ce tambaya take ko an tabbata. Kaka ta ce injin banza mai yawan tambaya, ta sake dannawa.

Ta ɗauka abin zai daɗe. Rabin rayuwar mutum ce. Layin ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan kafin ta janye hannunta.

Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa, ta yi. Ta ce su daina kunna fitilun nan da magariba, su ma za su karkata hanyarsu. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta miƙe ta yi rawa, yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Labulen lambu ya ɗan motsa sau ɗaya ya kwanta. A kan tebur, ba wanda ya taɓa komai, manhajar gyaran hoto ta buɗe diskin da kanta, fili fari fes.

Malam ya ce in ta farka ba za ta tuna komai ba. Kaka ta ce to haka za a bar ta. Ta kafa wa surukarta ido ta ce duk wanda ya gaya wa yarinyar nan cewa da bakinta aka nemi a goge ubanta, ita da shi har lahira. Yarinya ce, za ta zauna a shagon nan ita kaɗai shekara da shekaru, ba za ta zauna tana jin tsoron harshenta ba. Surukar ta ce to me za a ce mata. Kaka ta ce wannan ba aikinta ba ne.

Takwara ta farka da hantsi tana jin yunwa. Uwarta ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Ta ci abinci har ta nemi ƙari, ta tsokani Kaka ta ce tsohuwa ta ɗauka za ta riga ta mutuwa ne. Sannan ta lallaɓa ta shiga shago. Kaka na tsakar gida ta ji ta ta kira da murna, Kaka ya buɗe, wallahi ya buɗe. Daga nan ba ta sake jin komai ba.

Da ta fito fuskarta ba hawaye. Ta tsaya a kan Kaka ta tambayi wanda ya taɓa kwamfutar.

"Ni ce. Na shiga share ƙura, wani abu ya fito, na danna."

"Sau biyu take tambaya, Kaka."

"Sau biyu na danna."

"Kin san abin da kika goge?"

"Ina zan sani, ni da ban yi makaranta ba. Ga mutum can a ƙofa yana jiran fasfo, je ki sallame shi."

Yarinyar ta daɗe tana kallon ta. Ta juya ta koma ciki, ta ja ƙofar da ke kallon tsakar gida, Kaka ta ji ƙarar sakata.

Tun daga ranar ƙofar nan a rufe take. Takwara ta titi take shiga, ta titi take fita, tana gaishe da Kaka da safe kamar yadda ake gaishe da maƙwabciya. Ta yi ƙiba, aiki ya dawo, diskin yana ta cika da fuskokin mutane. Kaka takan ja tabarmarta ta zauna a jikin rufaffiyar ƙofar, tana jin muryar jikarta ta cikin katako tana ce wa wani ya ɗaga haɓa, ya daina motsi. In rana ta fara ja sai ta buga ƙofar da tafin hannu ta ce a kashe fitila, lokaci ya yi. Ba a amsa mata, amma ana kashewa.